Lafiyar da Na Rubuta Tun Damina

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan La'asar

Kawu Daudu ya kira ni zaure yau. Tunda muka dawo gidansa a Safana, ni da Inna, bai taɓa kirana zaure ba, sai dai ya leƙo tsakar gida ya ce in duba masa wayarsa ta daina ƙara. Ina shiga ya tura ƙyaure da ƙafa ya rufe.

Shekaranjiya Alhamis ne abin ya faru, a gonar bayan rafi, can ƙauye. Yaya Rilwanu yana ɗaurin gero. Sun zo a kan babura, sun tafi da shi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Yana da rai, don jiya sun kira wayar Kawu sun ba shi ya yi magana.

Kawu ya ce, "Mahfuza, uwarki ba za ta ji wanga zance ba. Kin dai ga abin da ya hwaru da ita da damina."

Na gani mana. Ni na riƙe ta ranar da muka baro ƙauyenmu, Gidan Jinjiri, bakinta ya karkace, hannun hagu ya saki. Har yau da dama kaɗai take ɗaukar moɗa. Malamar asibiti ta ja ni gefe ta ce hawan jinin Inna ba na wasa ba ne, in aka sake girgiza ta ba lalle ta tashi ba.

Sai ya ce, "Abin nan naki, zai ci gaba da turo mata saƙon?"

Na ce zai ci gaba, ko ban taɓa shi ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya daina juyawa. Da mata da tsofaffi suka watse zuwa Batsari da Katsina, maza suka tsaya gadin amfanin gona a ƙauyenmu, can gaba da Wagini. Kati tsada, sabis kuma sai an hau dutsen bayan masallaci. Ni ina zaune da takardar karatun kwamfuta da ba ta taɓa sayo mini ko ashana ba. Sai na haɗa 'yar manhaja a tsohuwar laftof ɗina, na jona ta da wata waya mai fasasshen gilashi. Kowane namiji ya yi wa lambar filashin da safe, manhaja ta tura wa iyalinsa saƙo cewa ya kwana lafiya. Mai wata magana ya rubuto, ta isar.

Ba a daɗe ba sabis ya ɗauke a ƙauye, saƙo bai fita ba, mata suka wuni kuka a Batsari har da masu suma, alhali mazan suna can suna gasa masara. Dattawa suka aiko Kawu ya ce mini, "In ba a ji komi ba, ki tura lahiya. Da wani abu ya hwaru, da mun ji." Na ɗan yi gardama, aka tuna mini shekaruna. Na gyara layin ya koma haka:

`aika(maza, lambda suna, _, hali="lafiya": suna + " ya kwana " + hali)`

Lambda ɗan aiki ne na layi ɗaya, ba a tsayawa raɗa masa suna, a rubuta shi a inda ake buƙatarsa a wuce. Wannan gurbi uku gare shi. Na farko sunan mutum. Na ƙarshe halin da ya kwana, kuma in ba a ba shi komai ba, "lafiya" zai ɗauka da kansa. Na tsakiya kuwa, ɗan karan nan da ke kwance, alama ce cewa za a miƙo wani abu a nan amma ba ni da amfani da shi.

Na yi wa Kawu wannan bayani yau a zaure, bai fahimci ko ɗaya ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya buɗe ƙyaure.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da hantsi

Wayar Inna ta yi ƙara tana shan koko. Ta turo mini ita da bayan hannu ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Duba min, abin nan ya yi kuka."

Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta kama sunansa, ba ta kiran wayarsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. "Wancan" take ce masa. Shi ya sa take son saƙon nan kamar me, yana ba ta labari ba tare da ta tambaya ba. Na karanta, "Rilwanu ya kwana lafiya." Ta ce Alhamdulillahi can ƙasa-ƙasa, sannan ta hau yi mini faɗa wai kokon ba tsami.

Sai ga Turai da goyon Zinariya. Matar Malam Tayyib ce, maƙwabcinmu a ƙauye, ta kama ɗaki a bayan gidan Kawu. Daga ƙauyenmu mu da ita kaɗai ne a Safana. Ba ta karanta boko, kullum sai ta kawo mini. Na karanta mata, "Tayyib ya kwana lafiya." Ta yi dariya ta ce, "Shi dai kullum lahiya, ba ya ko ciwon kai ya sa a yi kewar shi."

Ni ma na yi dariyar. Ashe ana iya yi.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

Na tambayi Kawu Malam Tayyib fa. Ya ce ba ya cikin waɗanda aka tafi da su, amma tun ranar babu wanda ya gan shi.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan La'asar

Na kira Faisal. Ajinmu ɗaya, yanzu yana aiki a Kaduna, kuma shi kaɗai nake iya nuna wa rubutuna ba tare da ya ce "sannu da ƙoƙari" ba. Ban gaya masa komai ba. Na tura masa layin na ce ya duba mini kawai.

Ya ce, "Malama Mahfuza, me ke shiga gurbin tsakiya?"

Na ce lokacin da mutum ya yi filashin na ƙarshe.

"Kuma kika sa masa ɗan kara."

"Ba na amfani da shi."

Ya fashe da dariya. "To ai filashin ɗin nasu ba ya yin komai ke nan! Wanda ya yi da wanda bai yi ba, saƙo ɗaya za a tura. Kin sa bayin Allah hawan dutse kullum a banza."

Na san haka, amma ban taɓa jin an faɗa da baki ba. Na tuna Malam Tayyib da gwiwarsa mai ciwo yana hawan dutsen nan da sanda.

Faisal ya ci gaba, don in ya fara koyarwa ba ya jin burki. Ya ce abin da aka sa bayan alamar daidai ba amsa ba ce, zato ne da mai rubutu ya yi don ranar da ba a ba shi amsa ba. Ya dace da abin da ba ya cutarwa, kamar girman rubutu ko launi. "Amma wannan lafiyar ba ta yau ba ce, Mahfuza. Tun ranar da kika rubuta layin aka yanke ta. Yaushe ne ma?"

Na ce tun damina.

"To lafiyar damina kike rabawa."

Na kashe wayar. Ya sake kira ban ɗauka ba. Haushinsa nake ji, kuma ba shi da laifin komai.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan Magariba

Sun kira. Kawu ya fita bayan gida da wayar, ya dawo hularsa a hannu. Abin da suka ce ba zan rubuta shi ba. Gwaggo Uwani, matar Kawu, ta ƙona miya, ta ce itacen ne ɗanye.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Yau Inna ta tashi da ƙarfinta, har ta tsefe kanta da hannu ɗaya. Tana tsifa ta ce, "Waken nan nawa na bayan gida ya isa roro. Wancan bai san kan wake ba, bari zai yi ya hwashe ƙasa. Tunda ƙasa ta lahwa, gida za ni."

Na ce wa ya ce ta lafa.

Ta nuna wayarta da haɓa. "Kullum ba ke ke karanta min ba?"

Gwaggo Uwani ta ce a bari sai jiki ya ƙara ƙwari. Kawu ya ce man fetur ya yi tsada, 'yan acaba ba su da imani yanzu. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce ba ta san yaushe gidan nan ya fara tausayin aljihunta ba.

Ni kuwa na tashi. Na je na buɗe laftof na sa ta nuna mini abin da ke shiga gurbin tsakiya na Malam Tayyib. Alhamis ɗin da aka tafi da Yaya ce, da safe. Na rufe.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi

Na samu Kawu a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi ƙafarsa, na tambayi har akuyar da ta haihu. Sai da gaisuwa ta ƙare mini sannan na ce ina son in cire lafiyar nan daga manhaja, wanda ba a ji daga gare shi ba a faɗa wa iyalinsa gaskiya.

Ya sha toka. "Ki kashe min ƙanwa?"

Na ce ba Inna kaɗai ke samun saƙon ba. Akwai Turai, akwai matan Batsari.

"Na Batsari sun ji abin da za su ji a kasuwa. Turai kuwa mi za ki ce mata? Ya mutu? Kin ga gawa? Yana raye? Kin gan shi? Ɗiyata, wanda bai san komi ba shiru yake yi."

Na ce ai ba shiru muke yi ba, Kawu, kullum da safe magana muke yi.

"Wa ya yi maganar? Ni ban ce ba, ke ba ki ce ba. Na'ura ce."

Nan ya ɗaure ni, don abin da nake gaya wa kaina ke nan kullum. Ban rubuta wa kowa ƙarya ba. Gurbi ne aka bari ba kowa, ya cika kansa. Na tashi na ce Allah ya huci zuciyarsa.

Tausayinsa nake ji. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shi ke ɗaukar wayar nan in sun kira, shi ke jin muryar Yaya.

Litinin, 14 ga Oktoba, da safe

Rilwanu ya kwana lafiya. Tayyib ya kwana lafiya. Na karanta duka biyun. Zinariya ta kama mini ɗankwali tana ja.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan Azahar

Turai ba ta zo da safe ba. Na ce ko wanki take yi. Da rana ta take na zagaya, na tarar da kwaɗo a ƙofarta. Mai gidan ta ce tun da sassafe ta goya 'yarta, ta ɗauki ƙullin daddawa da kuka, ta ce za ta kai wa Malam kayan miya ta kwana biyu ta dawo.

 Na zauna a kan turmin matar.

Na kira wayar Turai, a kashe. Na ruga na gaya wa Kawu. Ya yi salati, ya shiga kiran duk wanda ya sani a tashar Batsari. Wani ya ce ya ga mace da goyo ta hau babur ɗin Wagini. Wani ya ce mata da goyo ai ba su ƙirguwa.

Jiya da bakina na karanta mata. Da bakina.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Babu labari. Saƙon Tayyib ya fita yau ma, zuwa wayar da ke kashe.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan La'asar

Tana raye. Ita da 'yar duka.

Ta kira ni daga Batsari, gidan wanta. Ta ce a Wagini 'yan acaba suka ƙi wucewa da ita. Sai ta kama hanya a ƙafa, ta yi nisa, har ta hango rumbunan farko. Wani tsoho mai jaki da ke fitowa da kaya ya tare ta ya ce ina za ta, ko ba ta da hankali ne. Shi ya juyo da ita. A hanya ya gaya mata komai, har da abin da ni ban sani ba, kuma ba zan rubuta ba.

Ba ta yi kuka a wayar ba. Da ta yi da ya fi mini.

Ta ce, "Mahfuza, kin sani?"

Na ce na san ba a ji daga gare shi ba.

"Kuma kika dube ni, kika ce ya kwana lahiya."

Na fara cewa manhajar ce, in ba a ba ta komai ba. Ta katse ni.

"Ni ban san wata manhaja ba. Ke na sani. Da goyo na bi hanyar nan, Mahfuza. Da goyo."

Ta ce Kawu ya roƙe ta kar ta gaya wa Inna, kuma ba za ta gaya mata ba, saboda Inna ta riƙe ta kamar ɗiya. Amma kar in sake turo mata komai.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da hantsi

Ban nemi izinin kowa ba.

Na goge alamar daidai da lafiyar da ke bayanta. Yanzu gurbin hali ba shi da abin da zai ɗauka da kansa, dole a ba shi. Na goge ɗan karan tsakiya na rubuta `jin_karshe`. Wanda ya yi filashin yau, a ce ya kwana lafiya. Wanda bai yi ba, a ce ba a ji daga gare shi ba tun rana kaza, a sa ranar. Aikin ya ƙi shiga layi ɗaya, sai da na mai da shi cikakken aiki mai suna. Bai ɗauke ni lokacin dafa shayi ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Saura Inna.

Na kira Faisal, wannan karon na gaya masa. Ya daɗe yana salati, ya ba ni haƙuri a kan dariyar da ya yi. Na ce ba haƙuri na kira nema ba, ya gaya mini yadda zan yi da suna ɗaya.

Ya ce hanya biyu ce. Ko in ɓoye wa sunan Yaya tasa lafiyar a cikin rubutun, ta riƙa fita da kanta kamar da. Ko in sa manhaja ta tsaya in ta zo kansa, ta jira in rubuta da hannuna.

Na ce wanne ya fi.

Ya ce, "A wajen aiki, na farko ya fi sauƙi. Amma za ki manta yana nan."

Na zaɓi na biyu. Ban san ko jarumta ce ko neman wahala ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan Azahar

Saƙonni sun fita. Wayar Kawu ba ta huta ba tun safe. Wasu zagi, wasu kuka, wata tsohuwa daga Katsina ta ce a gode wa yarinyar, ɗanta na shirin tafiya gobe ya fasa. Maza biyu da aka ce ba a ji su ba sun kira da kansu, ashe suna Wagini lafiya lau, sun daina filashin ne don sun ga ko ba su yi ba saƙo na zuwa. Ka ji fa.

Kawu ya shigo har ɗakinmu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ga Inna na barci, ya yi mini nuni da hannu in fito. Ya ce, "Kin kyauta." Ba kyautawa yake nufi ba. Na ce na Inna yana nan yadda yake. Ya dube ni ya daɗe, ya juya.

Da safen manhaja ta zo kan sunan Yaya ta tsaya. Ɗan layin nan yana ƙiftawa yana jirana. Na rubuta l, a, f.  Na ƙarasa, na danna, wayar Inna ta yi ƙara a cikin ɗaki, na tashi na je na karanta mata abin da na rubuta.

Ta ce Alhamdulillahi.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da safe

Na rubuta.

Litinin, 21 ga Oktoba, da yamma

Na rubuta. Na yi amai bayan nan, Gwaggo Uwani ta ce shawara ce, ta jiƙa mini saiwa.

Inna ta tambayi Turai. Aka ce tana Batsari wajen wanta. Ta ce, "To ga shi nan. Yarinya da goyo ta kama hanya, ni an tsare ni kamar amarya." Ta ce ta lura kwana biyu ba mai shigowa gaishe ta, ko mutanen Safana sun gaji da baƙi ne. Ba ta san Kawu ne ke mai da su daga zaure ba.

Da la'asar na same ta tana ƙulla kuɓewa busasshiya a leda. Ta ce wancan yana son miyarta. Ta faɗa tana kallon bango, kamar ba da ni take ba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan Magariba

Ba su kira ba tun ranar Asabar. Kawu ya ce haka suke yi. Na ce ya ji muryar Yaya a kiran ƙarshe? Ya ce in je in taya Gwaggo aiki.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan La'asar

Kawu ya tafi Batsari ganin wasu mutane a kan maganar. Ya ce zai kwana biyu, ya ce in kula da gida, ya maimaita har sau ba adadi.

Ko ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Inna ta yafa mayafi ta fita da sandarta. Na zaci maƙwabta za ta. Ta dawo tana haki, fuskarta a sake, ta ce ta shirya da wani ɗan acaba a bakin titi, gobe da safe zai zo ya ɗauke ta. Baƙo ne, ɗan Dutsin-Ma, bai san ƙasarmu ba, ya ce ko'ina ne zai kai ta in ta nuna masa hanya.

Gwaggo Uwani ta ce a jira mai gida. Inna ta ce ita ba matarsa ba ce. Na ce maganinta ya kusa ƙarewa. Ta ce ta ƙirga, zai kai ta. Na ce jikina ba daɗi, kar ta bar ni. Ta taɓa goshina ta ce ƙarya nake, lalaci ne.

Na kira Kawu, ba sabis. Na kira na kira.

Gwaggo ta ja ni madafa ta ce mu kulle ƙofar gida mu ce mabuɗi ya ɓata. Na ce sai jibi fa? Ta ce mu ce an hana babura. Na ce ga su nan suna wucewa tana gani. Ta ce to in rubuta a saƙon cewa shi ya ce kar ta zo. Na yi tunanin wannan sosai. Zan iya. Gurbin yana karɓar duk abin da na ba shi. Amma na san Inna, in ta ji ɗanta ya ce kar ta zo, a daren za ta kama hanya.

Ga ƙullinta can a bakin gado, ta ɗora takalmanta a kai.

In na faɗa mata, ina tsoron bakin nan ya sake karkacewa a gabana. In ban faɗa ba, gobe tana kan hanyar da Turai ta bi. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da hantsi

Manhaja ta tsaya a kan sunansa. Na bar ta a tsaye.

Ɗan acaba ya zo yana ta danna oda. Na fita na ba shi haƙuri na ce an fasa. Na dawo na ɓallo maganin Inna na miƙa mata da ruwa, na tsaya sai da na ga ta haɗiye. Ta riga ta sa mayafi. Gwaggo Uwani na tsaye a bakin ƙofa tana murza hannu.

Inna ta ce, "Wa ya ce ki sallame shi?"

Na zauna a ƙasa a gabanta, na kama hannunta na dama. Na ce, "Inna, Yaya ba ya gida."

Na faɗa mata. A hankali, kaɗan-kaɗan, ina kallon bakinta. Na ce yana da rai a jin da aka yi masa na ƙarshe. Na ce Kawu na can yana ƙoƙari. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Hannunta dai ya yi sanyi a cikin nawa.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun yana ɗaurin gero.

Ta dubi wayarta da ke kan tabarma. "Wannan hwa?"

Na ce da farko na'ura ce. Daga baya ni ce.

Ta zare hannunta. Na ce mun ji tsoron jikinta ne, malamar asibiti ta ce.

Ta ce, "Duk kwanakin ga ina tashi ina yi ma Allah godiya. Godiya nike yi, Mahfuza. Shi yana can ɗaure yana jiran uwa tai ta roƙa mashi, ni ina nan ina ƙulla kuɓewa." Muryarta ba ta ko rawa. "Kun tsare min rai, kun hana shi addu'ata. Wa ya ce maku raina ya hi min?"

Ta dafa bango ta tashi, ta ɗauki buta. Na yunƙura in riƙe ta, ta ce in bari.

Alhamis, bayan Magariba

Bakinta bai karkace ba. Tana kan sallaya tun hantsi, ta tashi ta koma, ina jin muryarta ta labule. Na kai mata maganin yamma, ba ta ɗago ba. Gwaggo Uwani ta karɓa daga hannuna ta miƙa mata, ta sha.